Amsa kan ɗan ƙaramin kiren ɗin layin dogo da ƙaninmu ya tambaya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ka saka hoton nan na ɗan injin mai taya huɗu a kan dogo da dogon hannu a gaba, kana tambaya wai kan jirgi ne ko kiren ne, wato injin ɗaga kaya, wa ke jan sa, kuma har yanzu ana aiki da irinsa ko ya zama tarihi, toh ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don shekara tara na yi ina hawa irin wannan injin a wani ƙaramin kamfanin gyaran layin dogo a nan jihar Illinois ta Amurka, kafin nan kuma a Zariya na tashi, mahaifina ma'aikacin reluwe ne Allah ya jiƙansa, don haka ka yi haƙuri amsar zata ɗan yi tsawo.

Abin da ke hoton kiren ne, kuma babu mai jan sa, da kansa yake tafiya. Sunansa Burro, kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta jaki. Wallahi ranar da wani abokin aikina ɗan Meziko ya fara faɗa min ma'anar sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga jakin da ake lafta wa mangala daga asuba zuwa almuru ya san sunan ya dace. Wani kamfani ne a Cikago mai suna Cullen-Friestedt ya riƙa ƙera su tun farkon ƙarni na 20, daga baya aikin ya koma hannun kamfanin Badger da ke garin Winona a jihar Minnesota. Suna da lamba lamba, akwai 15, akwai 30, akwai 40, akwai 50. Mai lamba 30 yana ɗaga tan 7 da rabi, mai lamba 40 kuma tan 12 da rabi, ni mai 40 ɗin na fi daɗewa a kai. Na hotonka ka duba jikin ɗakin direba ko gefen firam ɗin ƙasa, in ba a cire ba akwai ɗan faifan ƙarfe da aka buga lambar a kai.

Kar ka haɗa shi da manyan nan da ake fitowa da su in jirgi ya kauce daga layi, waɗancan wasu har tan 250 suke ɗagawa, irin na kamfanin Industrial Brownhoist na Bay City a Michigan, su sai an haɗa musu kan jirgi da tarago guda na ajiye hannunsu kafin su je wurin hatsari, kuma a shekara sau nawa za a fito da su? Shi wannan ƙaramin na aikin kullum ne, shi yasa ma ba a cika ɗaukar hotonsa ba a zamanin.

Dalilin da yasa aka ƙirƙiro shi sai ka san nauyin dogo zaka gane. A Amurka tsayin dogo guda na da can ƙafa 39 ne, an yi haka ne don ya shiga tarago mai ƙafa 40. In irin wanda kowane yadi ke da nauyin fam 115 ne, guda ɗaya ya kusa kilo 680, in mai 132 ne ya doshi kilo 780. Kafin injin nan leburori ne ke jeruwa biyu biyu da awartakin ƙarfe su ɗaga a tare da waƙa ko kirarin heluma, in mutum ɗaya ya yi sake a ɗagawar ƙafar wani ce zata tafi. Da Burro ya zo sai direba ɗaya da mutum biyu ko uku a ƙasa su yi aikin da taron nan ke yi, ya ɗauko sabon dogo daga gefe ya dire a kan katakon da ake ɗaura dogo a kai, ya matsa gaba da kansa a kan dogon da ya shimfiɗa yanzun nan, ya ɗauko na gaba.

Abin da ya sa kamfanonin jirgi suka so shi sosai shine bayansa gajere ne. Kaga kiren in ya juya, bayansa mai ɗauke da inji da nauyin da ke daidaita shi sai ya leƙa waje, toh a inda layi biyu ke kusa da juna in bayan ya yi tsawo zai shiga hanyar jirgin da ke wucewa a ɗaya layin. Shi an matse bayan nasa yadda zai juya ba tare da ya tare maƙwabcin layi ba. Sannan yana da maƙala gaba da baya irin ta tarago, zai iya jan tarago biyu uku na kaya ya kai wurin aiki ba sai an nemo kan jirgi ba, in kuma tafiyar mai nisa ce a hau da shi kan tarago mai shimfiɗa wanda aka ɗora wa dogo, har ma yana iya tafiya a saman taragon yana sauke kaya. Bakin hannun kuma abin da ka ga dama zaka rataya, ƙugiya, awartakin ɗaukar dogo, bokitin da ke buɗe baki ya kwashi tsakuwa ko ya yashe lambatu, ko maganaɗisu. Aikin maganaɗisu shine na fi so, bayan an canza dogo ƙusoshi da farantan ƙarfe sun warwatse ko'ina a gefen layi, sai ka bi kana tsinta kamar kaza na tsintar hatsi kana zubawa a tarago.

Tuƙinsa fa sai wanda ya zauna a kujerar. Inji guda ne ke yin komai, tafiya da juyi da ɗagawa, na farko farko fetur suke sha, daga baya aka koma dizal, wanda na hau Detroit Diesel ne a ciki mai ƙara kamar zai fasa kunne. Babu wani maɓalli ko kwamfuta, sanduna ne a gabanka da feda a ƙasa, kowane motsi da kulocinsa da birkinsa, hannu biyu ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda, kayan da ke rataye a sama ƙafarka ce ke riƙe da shi a kan birki, ka ɗan sassauta ya zame. Da safe in raɓa ta sauka birkin wayar ƙarfen da ke ɗaga kaya yakan yi santsi, dattijon da ya koya min kullum sai ya sa na ɗaga ƙugiya ba kaya na sauke sau da yawa har birkin ya ɗumama ya bushe kafin ya yarda na taɓa dogo.

Kuma in gaya maka gaskiya injin nan yana kifewa. Tan 12 da rabi ɗin da na faɗa sai hannun yana miƙe sama kayan na kusa da jiki ne, da zarar ka kwantar da hannun ka miƙa nesa ƙarfin ya ragu sosai, musamman in ka juya ta gefe, saboda faɗin ƙafarsa bai wuce faɗin layin ba, milimita 1,435 kawai. Ni ya taɓa kusa faruwa da ni a wata kwana, kun san a kwana ana ɗaga dogon waje ya fi na ciki tsawo don jirgi ya karkata, toh muna sauri ana son a buɗe layi kafin yamma, shugaban aikin ya ce na ɗauko wani guntun mahaɗar layi ta ɓangaren da ya fi gangara, ban tsaya na kama dogo da maƙalan riƙewa ba, ina juyawa na ji kujerar ta yi sama, tayoyin baya sun bar dogo, yaron da ke ƙasa yana riƙe da igiya ya ƙwalla ihu. Allah ne ya sa ƙafata ta saki birki a hankali kayan ya dira ƙasa injin ya dawo ya zauna da ƙara. Na sauko na zauna a kan katako jikina na rawa na fi minti ashirin ina ta innalillahi. Tun daga ranar ko waye ya ce na yi sauri a kwana bana ji.

Kan maganar ko har yanzu ana aiki da su, manyan kamfanoni sun rage sosai. Dogo yanzu waldarsa ake yi ya zama zare guda mai tsayin kusan rubu'in mil, duk da shi ma Burro ya daɗe ana jan zaren nan da shi ana sa shi a mazauninsa, sannan ga motocin da ke da tayar roba da ta ƙarfe a haɗe, su bi kwalta su zo mararraba su hau dogo su yi aiki su sauka, irin su Speed Swing na kamfanin Pettibone da manyan motoci masu kiren a baya. Shi Burro in yana kan layi ya tare layin ke nan sai ya samu reshe ya raɓe, wannan ne ya kashe masa kasuwa. Amma ƙananan layuka da 'yan kwangila da masana'antu masu layi a cikin harabarsu har gobe suna riƙe da su, don makaniken da ya iya kuloci da giya da giris zai raya shi.

Waɗanda suka saura da yawa suna gidajen tarihin jirgin ƙasa, kuma abin da ke burge ni ba ajiye su aka yi don kallo ba, da su masu aikin sa kai ke gyara layin gidan. Gidan tarihin jirgi na Illinois da ke ƙauyen Union, arewa maso yamma da Cikago, wanda aka kafa a 1953 kuma shine mafi girma a Amurka, suna da shi. Layin tarihi na Niles Canyon a Kalifoniya ma suna da nasu. A Ingila kuma ƙananan kiren ɗin da suka saura da yawa masu tururi ne da tukunya a tsaye da ake hura wa kwal, ƙirar Thomas Smith na Rodley kusa da Leeds, da Grafton na Bedford, da Taylor & Hubbard na Leicester, manyan na hatsari kuma Cowans Sheldon na Carlisle da Ransomes & Rapier na Ipswich.

Na kawo sunayen Ingila ne saboda mu a gida Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mana layi, ya iso Kano a 1911, kuma tsohon layinmu milimita 1,067 ne, ya fi na Amurka ƙunci, kaga kiren a kansa sai an ƙara taka tsantsan wajen ɗagawa ta gefe. Ina yaro abin da na gani da idona ma'aikata ne ke tura turoli da hannu ɗauke da kayan aiki, dogo kuma a kafaɗa da awartaki, babban kiren sai ranar da jirgi ya faɗi muke ganin an fito da shi mu bi shi da gudu har ƙarshen tasha. Abin da ke ci min rai shine tsofaffin injinan da ke yashe a cikin ciyawa a harabar tashoshi, ƙarshensu 'yan gwangwan su zo da wutar walda su yanka su auna a kilo, faifan tagullan da ke ɗauke da sunan maƙeri da shekara ma shi ake fara ɓalle wa.

Don haka dan Allah waɗanda ke kusa da tsofaffin tashoshi, Zariya ko Kafancan ko Minna ko Ebute Metta, in kun samu izinin masu wurin ku ɗauki hoto, na gaba ɗaya guda, na tayoyi guda, sannan ku goge faifan da tsumma ku ɗauka kusa yadda rubutun zai fito, ku turo nan mu duba tare. Kai kuma ƙanena in ka koma inda ka ga na hoton, tambayi masu kula da shi wace ranar suke tayar da shi, yawanci ƙarshen mako ne masu sa kai ke fitowa, ka tsaya nesa da hannun, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin kaya ko da ka ga kamar a tsaye yake cak.