Amsa ga 'yar uwar da ke son saƙa abin wuya da kwarashi

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa kin fara koyon kwarashi, kin iya sarƙa, wato jerin madaukan da ake fara saƙa da su, kina son ki saƙa wa yaranki da maigida abin wuyan nan na sanyi mai zagaye wanda ake zurawa ta kai, amma duk bidiyon da kika kalla a YouTube sai su haɗa sarƙar ta zama zobe tun farko, ke kuma in kin haɗa sai ya murɗe. Toh bari in ba ki yadda nake yi kuma yadda nake koya wa 'yan mata a gida, don wallahi wannan abin wuyan shi ne ya fi dacewa da mai koyo, ya fi hular jarirai sauƙi nesa ba kusa ba, babu ƙari babu ragi babu lissafin ya kai nan ki rage ido biyu (ido shi ne kowane ƙulli ɗaya na saƙar).

Shawarata ki manta da haɗa zoben nan tukuna. Ki saƙa shi a shimfiɗe kawai, dogo mai kusurwa huɗu, in ya kai tsawon da kike so sai ki haɗa bakin farko da na ƙarshe ki ɗinke. Shi ke nan ya zama zagaye, kuma ba wanda zai kalla ya ce ba a zagaye aka saƙa shi ba. Murɗewar da ke ba ki wahala daga doguwar sarƙa take zuwa, sarƙa mai ido tamanin ko casa'in dole ta juya a hannun wanda bai saba ba, kuma ba za ki gane ba sai kin yi layi uku ko huɗu kin ɓata lokacinki. A hanyar da nake faɗa miki sarƙar gajeriya ce, faɗin abin wuyan kawai za ki yi, wato tsayinsa daga ƙasan haɓa zuwa ƙirji.

Maganar zare. Ulun da ya fi yawa a kasuwanninmu na akirilik ne, irin su Yeye da Robin, kuma ya isa, sanyin hunturunmu na Disamba da Janairu ba ya buƙatar ulun tumaki na gaske, ga shi ma yana sa wasu ƙaiƙayi a wuya. Sai dai in ulun siriri ne ki haɗa biyu ki riƙa saƙa su tare kamar ɗaya, da kwarashi mai lamba 5mm ko 5.5mm, lambar tana rubuce a jikinsa wajen da ya yi faɗi inda ake ɗora babban yatsa. Kar ki ɗauko ƙaramin kwarashin nan na ƙarfe da ake bakin mayafi ko murfin kwano da shi, zai tsaga miki ulun kuma saƙar za ta fito da tauri. Na babba ɗaya ki tanadi kamar giram 150, in ƙunshin mai giram 40 ne ki sayi huɗu lokaci guda a shago ɗaya, don kala ɗaya ma takan ɗan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan, sai a rana za ki ga bambancin. Kuma don Allah kar ki fara da baƙi ko ruwan bula mai duhu ko da maigida ya ce shi yake so, ba za ki ga idon saƙar ba musamman da dare in an ɗauke wuta. Ruwan toka mai haske, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, duk maza suna sawa.

Yanzu aikin kansa. Ki yi sarƙa 32, ki saki hannunki sosai a nan, in kin san hannunki na da matsi ki yi sarƙar da kwarashi 6mm sannan ki koma na 5. Ki tsallake biyun da ke kusa da kwarashin, a ta ukun za ki fara. Ki naɗa zare a kwarashi sau ɗaya, ki soka cikin sarƙar, ki jawo zare, yanzu kina da madauki uku a kan kwarashi, ki sake naɗawa ki fitar ta cikin ukun gaba ɗaya a ja ɗaya. Ido ɗaya kenan. Haka za ki yi har ƙarshe, ki ƙirga, ya kamata ki samu 30. Ki auna da tef ɗin tela, in ya kai wajen santimita 20 zuwa 23 ya yi, in bai kai ba ko ya wuce ki warware ki ƙara ko ki rage sarƙa, tunda hannun kowa daban ne, tef ɗin za ki bi.

Sai ki yi sarƙa biyu, ki juya aikin, ki dawo. A nan ne kyan yake. In kin kalli saman layin daga sama za ki ga kowane ido yana da zare biyu kwance kamar harafin V, ɗaya ta wajenki ɗaya ta can baya. Ki riƙa sokawa a ƙarƙashin na bayan nan kaɗai, ki bar na gabanki. Bayan layi biyar ko shida za ki ga saƙar ta fara yin kunya-kunya irin ta bakin hannun suwaita, in kin ja ta sai ta miƙe in kin saki ta koma. Wannan miƙewar ce za ta sa ya wuce kai ba tare da wahala ba amma ya zauna a wuya ya toshe iska.

Inda masu koyo suka fi faɗawa shi ne ƙarshen layi. Idon ƙarshe yakan ɓuya ya kwanta gefe, sai a tsallake shi ba a sani ba, yau 30 gobe 28, can sai ki ga abin yana tsukewa gefe ya karkace. Ki samu fil ɗin jarirai guda biyu ko guntun zare mai wata kala, duk layin da kika fara ki maƙala a idon farko, in kin dawo kin san nan ne wajen tsayawa. Kuma ki ƙirga kowane layi, ko da kina hira, talatin ba ta da yawa. In kin ga ya ragu ki warware zuwa inda yake daidai, ulun akirilik yana jure warwara.

Ki ci gaba har tsawon ya kai santimita 55 zuwa 60 na babba ba tare da kin ja shi ba. Na yaro ɗan firamare 45 zuwa 48 ya isa, faɗin kuma ki rage zuwa ido 20 ko 22. Daɗin wannan hanyar shi ne kina iya naɗa wa mai shi a kai ki gani kafin ki yanke zare, ki tabbatar zai wuce kan, don kan babba kansa yana kai 55 zuwa 58. In naki ne kuma za ki sa a kan ɗankwali ko hijabi ki ƙara tsawo kaɗan. Jarirai da 'yan ƙanana masu rarrafe kam ban yarda a sa musu komai a wuya ba, a bar su da hula da safa da rigar sanyi.

Da tsawon ya kai, ki bar zare mai tsawon hannu ki yanke, ki ninke bakin biyu su haɗu ido da ido, ki ɗinke da allurar roba mai babbar kafa, kar ki ja ɗinkin da ƙarfi ya tattare. Ragowar zaren kar ki ƙulla ki datse a gindi, wanki ɗaya zai kwance, ki sa shi a allura ki bi da shi ta cikin saƙar gaba da baya sannan ki yanke. Ki juya ɗinkin ciki.

In maigida na hawa mashin da asuba wannan ya fi masa dogon sikaf, ba jela mai lilo da za ta shiga taya ko cen, kuma zai iya jan shi sama ya rufe hanci saboda ƙurar hunturu. Wanki da hannu da ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, ki matse a cikin tawul ki shimfiɗa a inuwa, in kin rataya shi a igiya yana jiƙe zai zazzago ya yi tsawo. Dutsen guga kuwa kar ya taɓa shi, akirilik roba ce, narkewa zai yi ya daskare.

Ki fara da na yaro tunda ya fi saurin ƙarewa, in kin yi layi goma ki ɗauki hoto ki turo min in duba miki gefen. Allah ya ba da sa'a.