Kafin ki danna "tura", ki san wa kike yi wa magana

Hajiya, kin ce kullum kina cika status ɗinki na WhatsApp da hotunan atamfa amma shiru, ba mai saye. A ganina yawan hotunan ne ma ke korar mutane. Wanda data ɗinsa ta kusa ƙarewa ba zai tsaya kallon hoto 30 ba, wucewa zai yi.

Ki fara tambayar kanki: wannan hoton don wa? Matar ma'aikaci da ke jiran albashin ƙarshen wata daban, ƴar sari daga Tasawa ko Madarunfa mai son turmi goma daban. Ta farko launi da zanen take dubawa, ta biyu kuwa farashin sari da yadda kaya za su iso mata ta tasha.

Ki rubuta kuɗin a sefa a jikin hoton. "Ki zo inbox" ɗin nan da ake rubutawa maimakon farashi yana kashe ciniki. Masu saye daga Jibiya da Katsina kuma kada ki saka musu farashin naira a fili, tun da canji ba ya zama wuri ɗaya. Ku yi lissafin canjin a ranar biya. Ki haɗa da gajeriyar murya da Hausa, don ba kowa ke karatu ba.

Sai lokaci. Atamfar sallah tun farkon azumi ake tallarta, kafin teloli su daina karɓar ɗinki. Status awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka kayan da kike da su kullum ki zuba su a katalog, wato wurin jera kaya da farashinsu, na WhatsApp Business, manhajar WhatsApp ta ƴan kasuwa.