Amsoshin Tambayoyinku: Kunkurunmu Ya Fice Daga Gida, Da Ƙafarsa Ya Yi Nisan Nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna da kunkuru a gida, maigida ya sayo shi tun yana kamar tafin hannu, yanzu ya kai girman ƙwarya. Ranar Asabar da ta wuce an kwana ana ruwa, da asuba yara suka fita makarantar allo suka bar ƙofa a buɗe. Sai da hantsi muka farga ba ya nan, aka tsinto shi can bayan layi uku, a bakin kwata. Maƙwabciyata ta rantse wani ne ya ɗauke shi, wai kunkuru ba zai yi wannan tafiya ba. Babban ɗana kuma ya ce ruwa ya bi, don ya gani a waya kunkuru yana gudu a ruwa kamar a-daidaita-sahu, har yana neman ya kai shi kududdufi ya gwada. Malam, wa ya fi gaskiya? Daga wata uwa, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, ki hana yaron nan kai shi kududdufi. In ya jefa shi a ruwa mai zurfi, mai yiwuwa gawarsa za a tsamo.

Ɗanki bai yi ƙarya ba game da abin da ya gani, sai dai ya haɗa dabbobin da kakanninmu suka raba tun tuni. Na tudu shi ne kunkuru, ta ruwa kuwa kififiya. Ki ɗaga na gidanki ki dubi ƙafafunsa na baya, za ki gansu dunƙule kamar na giwa, ƙoƙon bayansa kuma ya yi tozo, ga nauyi. Wannan jiki na taka ƙasa ne da haƙa rami. Kififiya bayanta a shafe yake, tsakanin yatsunta akwai fata irin ta agwagwa. Ta teku kuwa, wadda nake kyautata zaton ita ɗanki ya gani, hannayenta na gaba sun zama kamar filafilin kwalekwale.

To, mu koma kan maƙwabciyarki. Ina ganin ta ɗauki alhakin 'yan unguwa a banza, kuma lissafi ne zai raba gardamar.

A shekarar 1835, masanin halittu Charles Darwin ya sauka a tsibiran Galapagos, inda manyan kunkuran duniya suke. Ya bi wani ƙato yana auna tafiyarsa, ya ga ya ci yadi 60 cikin minti 10, wato kusan mita 55. A awa ɗaya ke nan ya haura mita 300 da kaɗan. Darwin ya ƙiyasta cewa in an cire ɗan lokacin kiwo, a yini da kwana zai iya cin mil huɗu. Wanda kuma kundin Guinness ya rubuta a matsayin kunkurun da ya fi kowane sauri, wani ne mai suna Bertie a Ingila. A shekarar 2014 ya ci mita 5.48 cikin daƙiƙa 19.59, wanda ya kama kusan kilomita ɗaya a awa. Wannan fa shi ne gwarzon. In kika ajiye shi a bayan raga a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma ya yarda bai tsaya cin ciyawa ba, sai ya yi wajen minti shida kafin ya kai ɗaya ragar. Ni da nake fama da gwiwa, minti ɗaya da rabi ya ishe ni, tunda tafiyar mutum ta yau da kullum kusan kilomita biyar ce a awa.

Yanzu ki ƙirga daga asuba zuwa hantsi, awa uku ke nan ko fiye. Ko da mita 300 kawai yake ci a awa, ya tasar wa kilomita guda. Layi uku a Gwammaja ai bai kai haka ba. Ga shi kuma an yi ruwa, gari ya yi sanyi, ƙasa ta yi taushi, lokacin da kunkuru ya fi son yawo ke nan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne da rana tsaka suke kallonsa, sa'ad da ya lafe a inuwa kamar dutse. Irin wanda aka fi ajiyewa a gidajenmu, babban kunkurun yankin Sahel ne, kuma shi ne mafi girma a cikin waɗanda ba a tsibiri suke ba. Naci gare shi. In ya sa kai wuri, ture abin da ke gabansa yake yi, in ya kasa sai ya haƙa ta ƙasa.

Me ya hana shi gudu? Yara kan ɗauka ƙoƙon nan ɗaki ne da yake shiga ya fita. A'a, ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama ƙoƙon, har allon kafaɗarsa a cikin haƙarƙarin yake, saɓanin namu da ke waje. Don haka ba ya iya lanƙwasa baya ya miƙe kamar yadda kare ko zomo ke yi in suna gudu, ƙafafunsa kuma ta gefe suka fito, takunsa gajere. Jininsa ma yanayi yake bi, shi ya sa da hunturu sai ya sha hantsi kafin ya motsa. Kuma a gaskiya ba ya bukatar saurin, ciyawa ba ta gudu, in abokin gaba ya zo kuma sai ya ja kai ciki. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, in ji Hausawa, amma ban taɓa ganin abin ya dame shi ba.

Kififiya kuwa wani labari ne. Muna yara, kududdufan bayan badala cike suke da su da damina, kafin a cike yawancinsu da shara a dasa shaguna a kai, yanzu kuma mu dawo muna kukan ambaliya. Sai ka hango ta tana shan rana a bakin ruwa, ka yi sanɗa har ka miƙa hannu, sai ka ji tsundum, ko inuwarta ba ka ƙara gani ba. Ko a tudu ta fi kunkuru zafin nama nesa ba kusa ba, musamman mai laushin baya da ke manyan koguna, wadda ke da cizo kuma. Da rani in ruwan ya ƙafe, ƙananan kan binne kansu cikin laka su jira damina, shi ya sa muke cewa daga sama suke faɗowa tare da ruwan farko.

Ta teku ce mai gudun da ya burge ɗanki. Babbarsu ita ce mai bayan fata, wadda a maimakon ƙoƙo mai tauri take da baya kamar kirgi. An taɓa samun ɗaya a gaɓar Wales a Birtaniya, a shekarar 1988, mai nauyin kilo 916. Saurin da aka rubuta mata ya kai kilomita 35 a awa, don haka kwatancen a-daidaita-sahu bai kauce ba. Gwanayen ninƙaya na duniya da ƙyar suke kai kilomita tara a awa. Amma fa gudun tsira ne na ɗan lokaci, tafiyarta ta kullum ba ta cika wuce kilomita biyu zuwa uku a awa ba. Ni abin da ya fi ba ni mamaki nisan zangonta ne: an bi sawun wata da na'ura tun daga Indonesiya har gaɓar Amurka, tafiyar fiye da kilomita 20,000 cikin kwana 647. Suna zuwa gaɓar tekun yankinmu ma, ƙasar Gabon na cikin wuraren da suka fi taruwa su yi ƙwai. Sai dai ranar da macen ta fito kan yashi, jan ciki take yi tana nishi.

Saboda haka Hajiya, da ƙafarsa ya je, kuma zai sake gwadawa. A sa katako mai tsayi a bakin ƙofar zaure, a riƙa duba gindin katanga ko ya fara rami. Ruwan da za a ba shi a zuba a faranti mai faɗi, wanda in ya shiga ba zai wuce masa haɓa ba. Shi kuma yaron, tunda gwaji yake so, ki ba shi igiyar awo da agogon waya, ya auna mita biyar a tsakar gida da safe, ya ajiye ganyen latas a ƙarshe. Ya aiko mana da sakamakon, mu ga ko na Gwammaja zai kayar da na Ingila.