Hukuncin gyaran dasashin da ya janye, da abin da ake cusawa a ƙarƙashinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malamar makaranta ce a Tahoua. Dasashina na sama ya janye a kan haƙora huɗu har saiwarsu ta fito fili, in na sha ruwan randa da safe sai in ji zafin har tsakiyar kai. Na je Yamai, likitan haƙori ya ce akwai aikin da ba a tsaga dasashi: ɗan huji ake yi, a jawo naman ya rufe saiwar, a cusa wani abu kamar takarda ya riƙe shi. Da na tambayi asalin abin, ya ce daga Turai yake zuwa, kuma galibi da jikin alade ake yin sa. Maigidana kuma ya ce wannan canza halittar Allah ne. Mene ne hukunci? Yaya alwalata da azumina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ki lafiya, Malama, ya saka miki da alheri da kika tambayi likita asalin abin kafin ki buɗe masa baki.

Aikin kansa halal ne. Tsoron da maigidanki ya ji yana da tushe, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an la'anci mata masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau, masu canza halittar Allah. Sai dai hadisin ya ɗaure la'anar da "don neman kyau". Waɗancan haƙoransu lafiya lau, suka taɓa su. Ke kuwa Allah ya halicci saiwar haƙorinki a rufe, cuta ta tone ta, kina neman a mayar da ita yadda take. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haram ce ga maza. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bi wannan hanyar, ta halatta fiɗar da ake yi don mayar da gaɓa ga siffarta ko aikinta na asali. Saiwa kuwa ba ta da rufi mai tauri irin na kan haƙori, shi ya sa take jin sanyi, take saurin ruɓewa, kuma dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da ake cusawa. Hanyar hujin da aka kwatanta miki wani likita ne a Amurka, John Chao, ya wallafa ta a 2012. Ana huda dasashi sama da haƙorin, a saki naman ta ciki da ƙarfe siriri, a sauko da shi, a tura ƴan sili-silin kolajin, wato wani sinadari da ake cirowa daga fata ko naman dabba, su tallafe shi har ya kama. Jiki yana narkar da kolajin ɗin a hankali. Sanannun kayan wannan fanni, irin su Bio-Gide da Mucograft, daga alade suke, haka ma Emdogain da ake shafawa a saiwa, daga haƙoran ƴaƴan alade ake samo shi. Likitanki gaskiya ya gaya miki.

A mazhabarmu ta Malikiyya yanka ba ya tsarkake alade. Shehu Halil a cikin Muhtasar, da ya yi rangwame a yi amfani da fatar mushe bayan jima, sai ya toge fatar alade. Mai Risala kuma ya ce ba a magani da giya, ko najasa, ko abin da ke da mushe a ciki. Abin da ke ɗage wannan hani shi ne larura, kamar yadda aya ta 173 ta Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga wanda ya matsu. Imamu Nawawi ya ce wanda ya ɗora ƙashinsa da najasa saboda rashin mai tsarki yana da uzuri. Sharaɗin a fili yake: rashin mai tsarki.

To, a wannan aiki akwai mai tsarki, kuma a cikin bakinki yake. Tun 1985 aka wallafa hanyar ɗebo ɗan nama daga ganɗar mutum a dasa shi a kan saiwa, kuma har yau likitocin dasashi suna ɗaukarta a matsayin wadda ta fi ɗorewa. Ana iya zura wannan naman ta ƙarƙashin dasashi ba tare da an tsaga shi an buɗe ba, wato ki samu sauƙin aikin kuma ki tsira daga alade. Majalisar Fiƙihun ta halatta ɗauko sashen jiki daga wani wuri zuwa wani a jikin mutum ɗaya, a zamanta na Jidda a 1988, muddin amfanin ya rinjayi cutarwar. Gaskiya ne ganɗa za ta yi miki ciwo na mako ɗaya ko biyu, tuwo mai zafi da yaji su gagare ki. Wannan wahala ce da ake jurewa, ba ta kai larurar da ke halatta alade ba.

Na san akwai malaman da suka ce sarrafawa tana canza najasa ta koma wani abu dabam, kuma taron malamai da likitoci na Kuwait a 1995 ya halatta jilatin, wato abin da ake samu daga fata da ƙashin dabba ana sawa a abinci da magani, a kan wannan hujja. Ban raina maganarsu ba. Amma jilatin dafa shi ake yi har ya narke, wannan ɗan fatar kolajin da ake cusawa kuwa masu yin ta da kansu suna tallata cewa sun bar saƙar naman yadda take, don jiki ya karɓe ta. Zuciyata ba ta natsu a kira wannan canzawa ba.

Saboda haka fatawata gare ki: ki koma ki nemi a yi da naman ganɗarki. In likita amintacce, masanin fannin, ya tabbatar cewa hakan ba zai yiwu ba, ko don ganɗar ta yi siriri, ko don kina da ciwon da ke sa jini ya ƙi tsayawa, kuma barin haƙoran haka zai cutar da ke, sai a nemi kolajin na saniya, domin ko ba a yanka ta bisa shari'a ba hukuncinta ya fi sauƙi. In an rasa, na alade ya halatta gwargwadon buƙata, sallarki ta inganta, ba laifi a kanki. In kuwa man goge baki na masu jin sanyi ya kwantar da zafin, janyewar ta tsaya, abin da ya rage ganin ido ne kawai, to ban ga ƙofar alade ba ko kaɗan. Wanda aka riga aka sa masa bai sani ba, kada ya tayar da hankalinsa, kada kuma ya nemi a tone masa baki.

Alwala ba matsala. Kurkurar baki sunna ce a wurinmu, a alwala da wanka, in likita ya hana ki bar ta har ki warke. Jinin dasashi ba ya karya alwala. Azumi kuwa, aikin ba na gaggawa ba ne, ki sa ranarsa a wajen Ramadan, don bakin da aka yi wa aiki ba ya rabuwa da jini da ruwan magani, ga ƙwayoyin da za ki sha da rana.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi, ke da masu karatu. Ku tambayi abin da ya janye dasashin, domin in ba a daina shi ba, tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai da kuɗin aikin duk za su tafi a banza. Sau da yawa hannunmu ne: busasshen asuwaki da ba a tauna bakinsa ya yi laushi ba, a riƙa dirza shi hagu da dama da ƙarfi, ko buroshi mai tauri, ko gawayi da gishiri. Akwai kuma dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, da tabar da ake dasawa a leɓe da kanwa. Asuwaki sunna ce mai girma, amma Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. A jiƙa shi, a tauna ya yi laushi, a goga a hankali daga dasashi zuwa bakin haƙori. Bayan aikin kuma, ki ɗauke shi daga wurin gaba ɗaya har makonnin da likita ya yanka miki su cika.

Allah ne mafi sani.