Amsa ga mai cikin wata bakwai da ke tsoron ruwan nononta ba zai zo ba

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce cikin fari ne, yana wata bakwai, gabanki na yawan faɗuwa ba gaira ba dalili, barci ya ƙaurace miki, kuma wata ta ce miki mai yawan zulumi ba ta samun ruwan nono. Kina son sanin ko gaskiya ne. Na ga masu ce miki ki cire damuwa a ranki. Sun yi don alheri, amma ni ba zan ce miki haka ba, don da a hannunki cirewar take da tuni kin cire. Zan ba ki labarin abin da ya same ni ne, da abin da na koya daga baya.

Ni ɓari na fara yi, ciki na wata uku. Da na sake samun wani, tun ranar da aka ce mini akwai shi ban sake samun natsuwa ba. Duk shiga banɗaki sai na duba ko akwai jini. Da ya fara motsi kuma sai na koma ƙirga motsin, in ya yi shiru na awa ɗaya zuciyata ta dinga dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Ban gaya wa kowa ba a wurin awo. Za a gwada hawan jini, a auna ciki, a ce lafiya lau, ni kuma in ce alhamdu lillahi in tashi.

Na haihu lafiya. Ranar farko na matsa nono, abin da ya fito bai wuce ɗigo uku ba, rawaya mai kauri. Nan take raina ya ba ni cewa ga abin da nake tsoro ya tabbata. Dare na biyu yaron ya ƙi ajiyuwa, ya kama ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa, ni ma ina kuka, kafaɗuna sun ƙage kamar an ɗaure su. Kafin asuba na sa an haɗa masa madarar gwangwani. Ya sha ya yi barcin awa huɗu, na ɗauki barcin nan a matsayin shaida cewa dama yunwa nake barin sa da ita. Daga kwalba ɗaya da dare aka koma uku, aka koma biyar. Yana sati bakwai ya daina karɓar nono gaba ɗaya. Na yi shekara biyu ina cewa ni jikina ba ya yin ruwan nono.

Wata ungozoma ce ta warware mini a cikina na gaba, Allah ya saka mata. Ta ce yin nono daban, sakin nono daban. Yin sa aikin wani sinadari ne a jiki mai suna furolaktin. Tun ciki na wajen wata huɗu jiki ke fara haɗa dakashi, wato ɗigon nan rawaya da na raina. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran da ke riƙe da ciki sai su sauka, nono ya fara cika tsakanin kwana 2 zuwa 4, wani lokaci ya ɗan wuce haka in an sha doguwar naƙuda ko an yi tiyata. Daga nan kuma doka ɗaya ce: gwargwadon yadda ake zuƙe nonon, gwargwadon yadda jiki ke sake yin wani. Sakin sa kuwa aikin wani sinadarin ne mai suna oksitosin, shi ke matse ƴan jakunkunan da ke cikin nono ya turo ruwan waje. To shi wannan ne tsoro da ciwo da kunya suke iya tarewa na ɗan lokaci. Tun 1948 wasu mata da miji masu bincike a Amurka, Niles Newton da Michael Newton, suka gwada haka: ana tsoma ƙafafun mai shayarwa cikin ruwan ƙanƙara tana cikin ba da nono, abin da jaririn ke samu ya ragu sosai, da aka yi mata allurar oksitosin sai ya dawo. Kin ga ruwan yana nan, ƙofa ce ta rufe.

Saboda haka amsar tambayarki ita ce, fargaba ba ta busar da nono. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai alaƙa, kuma ta hanyar da ba a zato take biyowa. Masu binciken da suka bi mata tun suna da ciki sun ga cewa masu yawan fargaba suna fara shayarwa kamar kowa, sai dai sun fi saurin haɗawa da madara, sun fi saurin barin shayar da nono zalla. Ni na san dalili don na ratsa ta ciki. Fargaba tana sa ki karanta kowace alama a juye. Jariri ya yi kuka, ki ce yunwa ce. Ya nemi nono bayan minti arba'in, ki ce bai ƙoshi ba. Nono ya yi laushi bayan ƴan makonni, ki ce ya ƙafe, alhali daidaituwa ya yi da buƙatar yaron. Sai ki ba da kwalba, yaro ya rage tsotsa, jiki ya ga ba a nema sai ya rage yi, abin da kike tsoro ya zama gaskiya. Wani babban bincike na ƙasar Nowe da ya fito a 2012, kan mata sama da 40,000, ya kuma nuna cewa wadda ta shigo da fargaba tun daga ciki, in ta yaye da wuri, damuwar tata ƙaruwa take yi. Haka ta faru da ni.

Abin da ya cece ni a haihuwa ta biyu shi ne na daina tambayar zuciyata, na koma ƙirga abin da ido ke gani. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Ungozomar nan ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake tatsa: babban yatsa sama, manuniya ƙasa, nesa kaɗan da kan nonon, a danna baya wajen ƙirji sannan a matse a hankali. Muka tara dakashi a cokali, yarinyar ta lashe da ɗan harshenta, ta lumshe ido. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba tun na fari. Jariri sabon haihuwa yana neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma dare na biyu kusan kowane jariri haka yake yi, manne da nono, shi ne yake kiran ruwan ya zo. Ki duba ƙunzugu: daga kwana na biyar ya jiƙa aƙalla 6 a yini, kashin ya tashi daga baƙi mai danƙo ya koma rawaya. Nauyinsa zai ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo yadda aka haife shi wajen kwana 10 zuwa 14. In waɗannan sun cika, yana ƙoshi, ko me zuciyarki ke raɗa miki. In ba su cika ba, ko yana ta barci ba ya tashi sha, ko idonsa da jikinsa sun yi rawaya, a kai shi asibiti ranar, ba jira.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2 ko fiye tare da abinci. Ki roƙi masu karɓar haihuwar tun yanzu su ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata. Ɗumin nan yana saukar da bugun zuciyarku ku biyu, kuma yana taso da oksitosin ɗin da muke magana.

Amma babban abin da nake roƙonki ba na bayan haihuwa ba ne, na yanzu ne. Kina da wata biyu a hannu. Kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan fargabar a lokacin ciki, ba raunin imani ba ne, ba kuma shagwaɓa ba. Ni da na buɗi baki na faɗa, an ba ni wata takarda mai tambayoyi 10 ta auna damuwa da ake kira ma'aunin Edinburgh, aka duba jinina, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya, su ma suna kawo bugun zuciya, sannan aka haɗa ni da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Zama shida muka yi. Ta koya mini in riƙa fitar da numfashi ya fi shaƙar sa tsawo, in saki kafaɗa da muƙamuƙi kafin in ɗora yarinya a nono. Ba na ce fargabar ta tafi ba, amma ta daina jan ragama, na shayar da ƴata wata ashirin da ɗaya. Wasu kuma sai an haɗa musu da magani, kuma akwai irin su sertraline da kaɗan ne ƙwarai ke shiga ruwan nono, likita ne zai zaɓa miki. In dama kina kan wani magani, kar ki yanke shi da kanki don tsoron shayarwa. In kuwa kika ji tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, ko kika yi kwanaki ba ki runtsa ba sam, wannan na gaggawa ne, ki faɗa wa na kusa da ke yau, a tafi asibiti.

Ki kuma samu mutum ɗaya, maigidanki ko ƴar uwarki, ki karanta masa lissafin ƙunzugun nan, don a daren da kanki ya ɗaure ya zama akwai mai tuna miki. Kuma in duk an yi abin da ya kamata amma likita ya ce a ƙara da madara, ki ba shi ba tare da kin tuhumi kanki ba. Ɗana na fari da madarar ya tashi, yana nan lafiyarsa ƙalau, abin da na yi asara shi ne shekara biyun da na yi ina jin haushin jikina.

Ranar awonki mai zuwa, ki rubuta a takarda tun daga gida: "Gabana na faɗuwa kullum, ba na barci." In bakinki ya yi nauyi, ki miƙa wa nas ɗin takardar kawai. Allah ya raba lafiya, ƙanwata. In kin sauka ki sanar da mu.