Labarin da Ya Fita a Facebook Zai Shiga Gasa?

Tambaya: Malam, na saka gajeren labarina a Facebook bara. Zan iya tura shi gasa? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, fara duba ƙa'idojin gasar, musamman inda aka ce "wanda ba a taɓa wallafawa ba". Wasu gasannin na ɗaukar duk abin da ya fita a intanet a matsayin wallafaffe, kuma goge shi yanzu ba ya wanke ki, domin mai yiwuwa wani ya riga ya kwafe. Idan ƙa'idar ba ta fito fili ba, aika wa masu gasar tambaya, ki adana amsarsu. Da ni ne, sabon labari zan rubuta.

Sai adadin kalmomi. Gasar gajerun labarai ta ƙasashen Commonwealth, alal misali, tana karɓar kalmomi 2,000 zuwa 5,000, kuma shiga kyauta ne. Labarin da ya haura iyaka akan ajiye shi gefe tun kafin alƙalai su gani.

Idan masu gasar suna tantancewa ba tare da sanin marubuci ba, cire sunanki daga cikin labarin da ma sunan fayil ɗin. Nan ne mutane suka fi mantawa. Kada kuma ki bari sai ranar rufewa, cunkoso kan sa shafin intanet na gasar ya ƙi buɗewa.