An maida ofishinmu saman bene, ni kuma keken guragu nake hawa: me doka ta ce?

Wani bawan Allah ɗan cikin birnin Zariya ya turo min saƙo, shan inna ya kama shi tun yana yaro, yana aikin akawu a wani kamfani mai zaman kansa a Sabon Gari. An maida sashensu bene, babu lifta babu gangaren da keke zai bi, kullum sai abokan aiki biyu sun kinkime shi sun hau da shi, ranar da ba su nan sai ya wuni a teburin mai gadi. Da aka zo bikin ranar al'adu na ma'aikata, kowa zai sa kayan garinsu, shi ma ya fito da babbar rigarsa da rawani irin na Zage-zagi, sai aka yi taron a saman benen ba wanda ya tuna da shi. Da ya yi magana manaja ya ce in ba zai iya ba ya ajiye aikin.

Toh ɗan'uwa, da farko dai kar ka ajiye aikin nan, kar kuma ka sa hannu a kowace takarda sai lauya ya gani. In ka rubuta da hannunka cewa ka bari, gobe a kotu abin da za su fara ɗagawa kenan.

Akwai doka a kan maganarka. Dokar haramta wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, sashe na 1 ya ce duk wanda ya nuna wa mutum wariya saboda nakasa ya yi laifi, kamfani tarar naira miliyan 1, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kuma wannan bai hana ka shigar da ƙarar neman diyya ba. Sashe na 28 ya ba ka haƙƙin yin aiki daidai da kowa. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021 har da hukumar kula da al'amuran masu buƙata ta musamman, saboda haka in wani ya ce maka ai wannan dokar Abuja ce, ka ce masa a'a, akwai ta gida.

Kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da ake yawan faɗa cewa an ware wa masu buƙata ta musamman, wannan ma'aikatun gwamnati ya shafa, kar ka jingina da shi.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne kinkimar nan. Mutane gani suke taimako ne, kuma su abokan aikin naka Allah ya saka musu, amma magidanci mai iyali a riƙa ɗaga shi gaban baƙi safe da yamma, in fitsari ya kama shi sai ya jira an samo masu sauko da shi, in gobara ta tashi fa? Kuma gyaran ba tsada gare shi ba, a sauko da teburinka da kwamfutarka ƙasa, a zuba gangaren siminti a bakin ƙofa, a faɗaɗa ƙofar bayi. Maganar biki kuwa kar ka raina ta. Ita kaɗai da wuya ta ci shari'a, gaskiya, amma in an haɗa ta da sauran tana nuna wa alƙali cewa ware ka ɗabi'a ce ta wurin.

Ka fara da takarda. Rubuta wa shugaban wurin cikin ladabi, ka faɗi ranar da aka maida ofis, abin da kake sha, da gyaran da kake nema, ka ba su mako 2, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ɗauki hoton matakalar, adana takardar ɗaukar aiki da ta albashi da duk saƙon WhatsApp na manaja. In akwai dattijon da mai kamfanin ke jin nauyinsa a sa shi a ciki, sulhu ya fi sauri kuma zai bar ka da aikinka, sai dai duk abin da aka amince a rubuta shi.

In sun yi kunnen uwar shegu, kai koke hukumar jiha a Kaduna, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa da ke Abuja, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wato JONAPWD, ma za ta iya raka ka. In ta kai ga shari'a, rigimar ma'aikaci da mai aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraro bisa sashe na 254C na tsarin mulki, tana da reshe a Kaduna, ba kotun majistare ko ta shari'a a nan Zariya ba. In kuɗin lauya ne matsala ka leƙa cibiyar taimakon shari'a ta tsangayar lauyoyi ta ABU a harabar Kongo nan Zariya, ko Legal Aid, wato hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ka tafi da duk takardun nan a hannu.